Wasan da Aka Ci a Kan Gawa

Ƙarfe ɗaya saura kwata na rana Sufeto ta tura ƙofar ɗakin karatun, ta tsaya cak. Shekararta goma sha tara a aikin ɗan sanda, amma ba ta taɓa ganin an yi wa kan tsoho irin wannan aika-aika ba. Hedimasta na kife tsakanin tebur da kantar littattafai, ƙeyarsa a rotse, tabaransa ya karye biyu a ƙarƙashin kumatunsa. Jini ya fantsama a bango har kusa da fanka. Gefensa ga kofin gasa na tagulla mai nauyin bulo, furfura ta manne a gindinsa. 'Ya'yan dara sun watse ko'ina, wani doki na katako yana kwance cikin jinin.

"Sau nawa?" ta tambaya.

"Likita ya ce bai gaza shida ba, ranki ya daɗe," in ji Saje, yana toshe hanci da hankici. "Na farkon ma ya isa. Sauran biyar ɗin na haushi ne."

Saje ya jero mata abin da ya tara. Mamacin tsohon shugaban makaranta ne, shekara saba'in da ɗaya, gwarzon darar ces a kulob ɗin da ke saman kantin magani. Matarsa ta tafi asibiti ganin likitan ido da ƙarfe tara, ta bar shi da rai yana shan shayi. Maƙwabciya tana shanya ta ji ƙara kamar an yar da buhun siminti, daidai lokacin da rediyonta ya fara labaran ƙarfe goma. Da sha biyu da kwata babban ɗan gidan, direban tirela da kowa ke kira Yaya Babba, ya shigo ya tarar da mijin ƙanwarsa, Kafinta, durƙushe a kan gawar, kofin a hannunsa.

"Ina Kafintan?"

"Asibiti. Yaya Babba bai tsaya tambaya ba, ƙarfen taya ya ɗauko. Hannu ya karye, haƙarƙari uku, kai ya fashe. Mun ɗaure shi da ankwa a jikin gado. Kuma Maigida, shugabanmu, ya bugo daga ofis, ya ce ƙarfe biyar yana son takardar tuhuma a kan teburinsa da sunan Kafinta. Ya ce gani ya kori ji."

Sufeto ta matsa gaba. Kwamfutar da ke kan tebur take kallo. A buɗe take, fankarta na huci, fuskarta ɗauke da allon dara da wasu lambobi da ke ta canzawa a gefe. Jini ya yi ɗigo-ɗigo a kan teburin, a kan takardu, a bayan murfin kwamfutar. Amma madannan fes suke. Ta sunkuya ta sansana. Warin sifirit.

Hayaniya ta tashi a tsakar gida. Yaya Babba ne, ƙato mai wuyan bijimi, rigarsa duk jinin mijin ƙanwarsa, 'yan sanda biyu na riƙe da shi. A gabansa wata mace cikin farin kayan nas ta tsaya ƙyam. Ita ce Auta, ƙaramar 'yar mamacin, matar Kafinta.

"Ki zaɓa yau!" yake ihu. "Ko ubanki ko wannan tsinannen! Wallahi suka sake shi, ni zan ƙarasa aikin!"

"Yaya, mutumin da ba ya iya yanka kaza?"

Ya fizge hannu ɗaya ya kwaɗa mata mari har ta bugi bango. Kafin ya sake ɗagawa Sufeto ta iso, ta kama babban yatsansa ta murɗe shi baya, ta tokare shi da gwiwa a bayan cinya. Ƙaton ya zube yana gurnani.

"Ka sake taɓa mace a gabana, da ƙafa za ka riƙa juya sitiyari," ta ce a hankali. "Ku zaunar da shi a waje."

Ta ja Auta zuwa bakin ƙofar ɗakin, ta tare mata ganin gawar da jikinta. "Ƙanwata, yi haƙuri. Kwamfutar nan kaɗai nake so ki duba. Kin san kanta?"

Auta ta goge jinin leɓenta. "Ni na saya masa. Ni na sa masa injin."

"Wane inji?"

"Manhaja ce, 'yan dara suna ce mata inji. In ka gama wasa sai ka shigar da takunka ɗaya bayan ɗaya, ita kuma ta nuna maka inda ka yi kuskure da abin da ya kamata ka buga. Duk wasan da Baba ya yi, washegari ko jibi sai ya zauna ya tambayi inji. Yana cewa shi kaɗai ne bai taɓa yi masa ƙarya ba." Ta matso da ido, sai ta ɗaure fuska. "Wannan ba aikin Baba ba ne."

"Me kika gani?"

"An juya allon. Baƙaƙe ne a ƙasa. Shi ya riƙe farare a wasan nan, kuma Baba ko a mafarki ba ya kallon allo daga kujerar abokin karawarsa. Sannan dubi nan. Kowane taku sai ya rubuta masa sharhi, yawanci zagi. Ga na ƙarshe: 'Doki! Wawa ya kwantar da sarkinsa da nasara a aljihu.' Bayan wannan an ƙara taku goma sha ɗaya, babu ko harafi."

"Kwantar da sarki?"

"Miƙa wuya ke nan. Mai baƙaƙen ya ɗauka ya mutu, ya sallama. Inji kuma ya ce da ya ba da dokinsa a nan, shi ne da nasara."

"Lambar da ke gudu a ƙasa fa?"

"Tsawon lokacin da inji ya yi yana nazarin wannan matsayin. Duk aka yi sabon taku sai ta koma sifili."

Sufeto ta dubi lambar: awa biyu da minti hamsin da ɗaya. Ta dubi agogonta: ɗaya da minti biyar. Wato goma da minti goma sha huɗu aka yi takun ƙarshe. Minti goma sha huɗu bayan ƙarar da maƙwabciya ta ji, wani yana zaune a wannan kujerar, ƙafarsa kusa da kan da ya fasa, yana buga dara.

"Da wa ya yi wasan?"

"Baba ba ya rubuta suna. 'Asabar, Rago' kawai ya sa. Wasa biyu ya yi ranar da farare: na kusa da ƙarshe da Tela, na ƙarshe da Mai Kemis."

Sufeto ta ɗauki hoton allon da na jerin takun gaba ɗaya. Auta ta nuna mata wani ɗan reshe a taku na bakwai: mai bugawar ya fara matsar da sarki, inji ya ce hakan ya mayar da wasan kunnen doki, sai ya koma baya ya gyara.

"Ki koya min takun nan a mota," in ji Sufeto. "Ba sai na iya dara ba. Haddar kawai nake so."

Suka fara da asibiti. Kafinta na kwance, kai a naɗe, ido ɗaya ya kumbura ya rufe, hannun dama cikin filasta, na hagu ɗaure da ankwa. Da ya ga matarsa sai hawaye ya gangaro ta idon da ya rage.

"Me ya kai ka gidan?" Sufeto ta tambaya.

"Mama ce ta ce in zo in gyara kantar littattafai, tana rawa. Na yi sallama shiru. Na shiga na gan shi. Kofin na kan wuyansa, na ɗage shi don in ɗago kansa. Sai na ji ƙarfe a bayana."

"Ƙarfe goma kana ina?"

"A shago, ina goge ƙofa."

"Wa ya gan ka?"

"Babu, ranki ya daɗe. Ni da katako."

"An ce ba kwa shiri da surukinka."

"Shi ba ya shiri da ni. Ranar ɗaurin aurenmu ya ce 'yarsa ta yi karatu ta ƙare a hannun kututture."

"Ka iya dara?"

Ya yi ƙoƙarin dariya, haƙarƙarin ya hana shi. "Na taɓa yi masa allo don in samu shiga. Gida tara-tara na yanka, ashe takwas-takwas ne. Shekara shida duk baƙon da ya zo sai ya fito da shi an yi min dariya."

A baranda Saje ya ce, "Ba shi da shaida, yana da haushi, an kama shi da makami. Maigida zai ce me ya rage?"

"Abin da ya rage shi ne wanda bai iya ƙirga gidajen allo ba bai zauna ya buga taku goma sha ɗaya a kan gawa ba. Mu je wurin Tela."

Shagon Tela ƙarami ne, keke biyu da tarin yadi. Shi kansa ɗan siriri ne mai bakin reza, idonsa na hagu ya yi baƙi ƙirin kamar an shafa masa shuni.

"An ce ranar Asabar ka ce sai ka fasa kan Hedimasta."

"Na faɗa, ranki ya daɗe, a gaban mutum ashirin. Ya ce na shiga banɗaki na tambayi inji a waya. Ni! Da inji na tambaya zai cinye ni a taku talatin? Amma faɗa daban, yi daban. Allah ya jiƙansa, bakinsa ya fi almakashina kaifi."

"Wa ya yi maka ado a ido?"

"Wani ango. Wando na yi masa ya tsaya a ƙwauri. Tun tara da rabi yake nan da abokansa uku, suka shaƙe ni a kan keken nan, suka haɗa min kai da bango. Sai sha ɗaya mai gyaran takalma da mai aski suka ƙwace ni. Tambaye su, har yanzu dariya suke."

Saje ya leƙa ya dawo yana murmushi. "Gaskiya ne. Mai aski har hoto ya ɗauka."

Sufeto ta miƙa wa Tela wayarta, ta nuna masa allon a daidai inda baƙi ya sallama. Ya ƙura ido.

"Wannan ba nawa ba ne, na Mai Kemis ne. Duk muna tsaye a kansu. Shekara ashirin da bakwai yana zuwa wasan ƙarshe, Hedimasta na kora shi gida. Bana mun ce shekararsa ce, sai ga shi ya kwantar da sarki."

"Akwai mafita ga baƙi?"

Tela ya yi minti biyar yana motsa leɓe. "Babu. Ko aljani ne ya mutu."

"Mai Kemis ya yi fushi?"

"Wa? Shi? Hannu ya miƙa masa, ya taya shi ɗaukar kofin har mota. Shekara talatin na san shi, ban taɓa jin ya ɗaga murya ba. Ko inji ba ya taɓawa, wayarsa ma mai madannai ce irin ta da. Ya ce dara da inji kamar cin abinci ne da bakin wani."

Suna fita wayar Sufeto ta yi ƙara. Likitan gawa ne. Ya ce a aljihun rigar mamacin ya sami sabon fakitin maganin hawan jini, ba a ɓalle ko ƙwaya ɗaya ba. Ta juya wajen Auta da ke jira a mota.

"Maganin Baba ya ƙare jiya," in ji Auta. "Da safe ma Mama ta ce bai sha ba. Na ce zan kawo in na tashi aiki."

Uku da rabi ta wuce. Sufeto ta ce wa Saje ya koma ya ɗauko Tela, ya tattaro duk ɗan kulob da ya samu.

Mai Kemis na bayan kanta sanye da farar riga mai guga, dattijo mai sanƙo da murya kamar ta mai lallashin jariri. Da ya ga Auta sai ya zagayo ya kama hannunta biyu.

"'Yata, sannu. Sannu. Shekara talatin muna tare da mahaifinki. Ban san yadda zan shiga ɗakin sama babu shi ba."

"Yaushe rabonka da shi, Baba?" Sufeto ta tambaya.

"Tun Asabar, ranki ya daɗe."

"Da safen nan ka fita?"

"Na kai wa wata tsohuwa allurarta, kamar kowace Litinin. Tara da rabi na fita, kafin sha ɗaya na dawo."

"Ka sake duba wasanku na Asabar?"

"Me zan duba? An cinye ni, an cinye ni. Ni ba na tonon kabari."

"Kana da inji a gida, ko wani ya duba maka?"

Ya yi murmushi ya zaro tsohuwar wayarsa. "Ga injina. Ko hoto ba ta ɗauka."

"To taimaka min da abu ɗaya a sama. Ni jahila ce a harkar nan."

Ɗakin kulob dogo ne, tebura shida, agogunan dara jere a kan kanta, taga ɗaya mai kallon titi. Mutum tara suka taru. Sufeto ta sa Tela ya jera matsayin a kan allo, ita ta zauna ta ɓangaren baƙaƙe, Tela ta ɓangaren farare. Mai Kemis ya tsaya a bayanta, hannuwa a baya.

"Mun sami wasan nan a kwamfutar mamacin," ta ce. "Wani yaronmu a ofis ya ce wai baƙi na da dabara a nan. Wai a ba da doki." Ta ɗauki dokin ta dangwara shi a bakin sojan fari.

Wani ya ce, "Kai!" Tela ya cinye dokin. Ta buga na biyu yadda Auta ta koya mata, ya amsa. A na uku sai ta kauce da gangan, ta ja sarauniya gefe inda ba ta da amfani. Tela ya yi taku biyu ya rufe ta.

"Shi ke nan," ta ce tana miƙewa. "Shirme ne. Ashe gaskiyar Hedimasta ce da ya rubuta 'Rago' a kan wasan. Baba, ka yi daidai da ka sallama, ko an ba ka shekara ɗari ba za ka ci shi ba. Ku tattara."

"Ba haka ba ne."

Daga bayanta muryar ta fito. Sufeto ta waiwaya. Jijiya ta taso raɗau a sanƙon Mai Kemis.

"Ba sarauniya ake ja ba. Matsa." Ya ture ta da kafaɗa ya zauna. Ya mayar da 'ya'yan inda suke, ya ɗora yatsa a kan ɗan da ke da siffar hasumiya. "Hasumiya ce. Amsa, Tela."

Ya buga, Tela ya amsa. Ya buga, Tela ya amsa. Ko daƙiƙa ba ya tsayawa tunani, kowane taku sai ya buga shi da ƙarfi har allon ya girgiza. Sufeto na bin hoton da ke wayarta: na huɗu daidai, na biyar daidai, na shida daidai. A na bakwai hannunsa ya tafi kan sarki, ya tsaya a iska.

"Sarki mana," in ji Tela. "Kowa sarki zai matsar."

"A'a! Na gwada, inji ya ce kunnen doki ne. Soja ake turawa."

Ya tura sojan. Taku huɗu bayan haka sojan ya isa ƙarshen allo, ya cire shi ya dasa sabuwar sarauniya. Ya ɗago kai yana huci, yana duban fuskokinsu ɗaya bayan ɗaya. "Kun gani? Kun gani da idonku? Ni na ci! Wasana ne!"

Ba wanda ya tafa. Sufeto ta ajiye wayarta a gefen allon, hoton kwamfutar mai ɗigon jini na kallonsa.

"Wane inji ne ya ce maka kunnen doki ne, Baba?"

Ya dubi hoton. Ya dubi Auta da ke tsaye a bakin ƙofa, hannunta a kan baki. Sai ya kife teburin a kan Tela, ya wawuri agogon dara na katako ya kai wa Sufeto a kai. Ta kauce, agogon ya same ta a kafaɗa, hannunta ya mutu nan take. Ya sake ɗagawa. Dattijon da ba a taɓa jin muryarsa ba yana ruri kamar sa a mayanka. Saje ya rungumo shi ta baya, ya sa ƙeya ya fasa wa Saje hanci, jini ya tsinke. Suka faɗa kan kanta, agoguna suka zubo. Ya zaro ƙaramin almakashi daga aljihun farar rigar ya soka wa Saje a cinya. Sufeto ta ɗauki kujera da hannu ɗaya ta maka masa a gadon baya, ƙafar kujerar ta ɓalle. Ya durƙusa. Ta taka wuyan hannunsa har almakashin ya faɗi, Tela da wasu biyu suka danne shi ƙasa, fuska a cikin 'ya'yan dara.

Da aka ɗaure shi aka zaunar, Sufeto ta jingina da bango tana riƙe da kafaɗa.

"Bari in faɗa maka yadda aka yi, in na kauce ka gyara min, tunda ka iya gyara. Ka san ranar da maganinsa ke ƙarewa, a kantinka yake saya. Bayan ka kai wa tsohuwa allura sai ka biya ka kai masa. Sabon fakitin na aljihunsa, lambarsa za ta dace da kwalin da ke ƙasa. Ka tarar da shi ya tambayi inji, ya gano ka sallama wasan da ka riga ka ci. Ya nuna maka dokin."

"Dariya ya yi," in ji Mai Kemis, idonsa a ƙasa. "Har da riƙe ciki. Ya ce yau da yamma zai kawo kwamfutar nan ya nuna wa kowa. Ya ce ko an ɗora min kofi a cinya sai na mayar wa mai shi. Kofin na nan a kan tebur, yana shafa shi."

"Ka buge shi sau shida. Har nan, da ka fita, da yanzu Kafinta na hanyar kurkuku, don ba wanda ya gan ka. Amma ba ka iya fita ba. Taku ɗaya kawai ya nuna maka, kai kuma kana son ganin ƙarshen. Ka zauna a kujerarsa, ka juya allon ta ɓangarenka yadda ka saba ganinsa ranar Asabar, ka bi injin taku goma sha ɗaya. Da ka gama ka goge madannan da sifirit ɗin allurar da ke jakarka. Yatsunka ka goge, amma ba ka san injin na ƙirga lokaci ba, ba ka kuma san yana ajiye kuskuren da ka yi a taku na bakwai ba, don ba ka taɓa amfani da shi ba sai yau. Kafinta bai san dara ba. Tela na shan duka a shagonsa, kuma da na nuna masa bai ga dokin ba. A duniya mutum ɗaya ne zai zauna kusa da gawa don ya ga baƙi ya ci wasan nan."

Auta ta tako a hankali har gabansa. "Baba Mai Kemis, kai ka ba ni kyautar agogon nas ranar da na gama makaranta. Ɗazu ka riƙe hannuna."

Bai ɗago ba. Da ana saukar da shi a matakala sai ya waiwayo wajen Tela. "Ka rubuta a littafin kulob yadda wasan ya ƙare."

"An riga an rubuta," in ji Tela yana tofar da jini. "Ka kwantar da sarki."

Biyar saura minti goma Sufeto ta bugo wa Maigida, ta gaya masa sunan da zai shiga takardar. Daga nan ta wuce asibiti, inda ake ɗinke cinyar Saje yana zagin duk wanda ya ƙirƙiro dara. Ta shiga ɗakin Kafinta, ta zaro makulli ta kwance ankwar. Auta ta durƙusa ta kifa kai a kan ƙirjinsa tana kuka, shi kuma yana shafa kanta da hannun da ya rage masa. Likitan ƙashi ya ce yatsu biyu na hannun daman ba za su ƙara riƙe guduma ba.

Yaya Babba na tsaye a bakin ƙofa, labari ya riga ya iske shi. Ƙaton ya yi laushi kamar tsumma.

"Ranki ya daɗe, kuskure ne. Ubana na gani a ƙasa. Harkar gida ce, za mu sasanta." Ya dubi ƙanwarsa. "Auta, gaya mata."

Auta ta ɗago jajayen idanu ta dube shi, shatin yatsunsa na nan a kumatunta.

"Ka ce in zaɓa, Yaya," ta ce. Ta juya wajen Sufeto. "Ina zan sa hannu a takardar ƙara?"

Sufeto ta miƙa mata biro, sannan ta juya ga ƙaton da ankwar a hannu.

"Miƙo hannuwanka, direba."